Itacen Ɓaure da Masu Lissafin Shekara

Akwai wani lissafi da yake yawo a tsakanin masu bi, daga bakin mai wa'azi zuwa wayar hannu, daga waya kuma zuwa zauren gida. In bai iso ka ba tukuna, zai iso ka, gama shekarar da yake nunawa ta matso, wato 2028. Masu wannan lissafi sun kafa shi a kan wani ɗan gajeren misali da Ubangijinmu Yesu Almasihu ya bayar a bisa Dutsen Zaitun, misalin itacen ɓaure, wanda za ka samu a Matiyu 24:32-33. Mu da muke zaune a Baure, garin da sunansa yake tuna mana da wannan itace duk sa'ad da muka ambace shi, ya kamata mu fi kowa kishin a karanta misalin nan daidai. Saboda haka nake so mu ɗora lissafin a ma'auni, ni da kai, mu ga nauyinsa.

Bari in share hanya tun da fari, kada wani ya ce na zo in sanyaya gwiwar masu jira. Dawowar Almasihu ginshiƙi ce a bangaskiyarmu. Ikilisiya ta shaida ta tun zamanin manzanni, muna furta ta a sujada, muna tuna ta duk lokacin da muka zauna cin Jibin Ubangiji. Wanda ya cire ta daga bishara ya bar mu da gida marar rufi. Abin da nake suka shi ne ƙidayar shekaru da ake jingina wa wannan bege, da irin mutanen da ƙidayar take mai da mu.

Ga yadda lissafin yake tafiya. Itacen ɓaure, in ji su, al'ummar Isra'ila ce. Tohon ganyensa shi ne kafuwar ƙasar Isra'ila a ranar 14 ga Mayu, 1948. Tun da yake Yesu ya faɗa a aya ta 34 cewa tsarar da yake magana a kanta za ta ga cikar abubuwan kafin ta shuɗe, to, sai a nemo tsawon tsara guda a ɗora a kan 1948, amsa ta fito. Wanda ya fi kowa yaɗa wannan karatu shi ne wani Ba'amurke mai suna Hal Lindsey, a littafin da ya fitar a 1970, wanda aka sayar da miliyoyinsa. Shi ya ɗauki tsara a kan shekara arba'in ko makamancin haka. Gaskiya ne bai yanke rana ba, amma ko ɗan firamare ya san abin da 1948 da 40 suke bayarwa. Da 1988 ta zo, sai wani injiniya mai suna Edgar Whisenant, wanda ya taɓa aiki da hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ya ƙarasa abin da Lindsey ya bari. Ya wallafa dalilai 88 da suka tabbatar masa cewa fyaucewa za ta auku tsakanin 11 da 13 ga Satumba na wannan shekara, lokacin idin sabuwar shekarar Yahudawa. Ranakun suka zo suka wuce. Da shekara ta zagayo ya sake fitar da wani littafi, ya ce 1989 ce.

Daga nan sai aka shiga ja da igiya. Waɗansu suka ce kuskuren a wurin farawa yake, a fara ƙirga daga 1967, shekarar da Isra'ila ta kama gabashin Urushalima. Wannan ya ba da 2007. Waɗansu suka ce tsara ba arba'in ba ce, suka je Zabura 90:10 suka ɗauko shekara saba'in, aka sami 2018. Ita ma ta wuce muna noma gerommu. Ayar nan ta Zabura tana kuma da tamanin a cikinta, ga wanda ƙarfinsa ya kai, shi ya sa yanzu aka tsaya a kan 2028. In ita ma ta wuce, Farawa 6:3 tana ajiye da 120, ina kuwa tabbatar maka akwai wanda ya riga ya sa mata ido. Ma'aunin da ake ƙara masa tsawo duk lokacin da yadi ya gaza, ai ba ma'auni ba ne. Da ɗan kasuwa ne yake yi mana haka da tiya, da tuni mun kai ƙararsa wurin sarkin kasuwa.

Sai dai adalci ya wajaba a kanmu, gama masu wannan karatu ba daga iska suka ɗauko shi ba. Annabawa sun kwatanta Isra'ila da ɓaure a wurare kamar Yusha'u 9:10, da wahayin kwanduna biyu na 'ya'yan ɓaure a Irmiya 24. Yesu kansa ya la'anci wani ɓaure marar 'ya'ya a kan hanyarsa ta zuwa Haikali, masana da yawa kuwa suna ganin hukunci ne a kan Haikalin yake nunawa. Komowar Yahudawa ƙasar kakanninsu bayan ƙarnuka masu yawa ma abu ne da ya isa ya sa mai karanta Littafi Mai Tsarki ya tsaya ya yi tunani. Ban raina wannan ba. Amma kasancewar kalma tana ɗauke da wata ma'ana a wani wuri bai sa ta ɗauke ta a ko'ina ba. Zaki a wani wuri Almasihu ne, a wani wuri kuwa Iblis ne mai neman wanda zai cinye. Abin da yake kewaye da kalma shi yake faɗa maka nufinta.

To, buɗe Luka 21:29, inda aka rubuta wannan misali ɗaya. A can Yesu bai tsaya a kan ɓaure kaɗai ba, ya haɗa da sauran itatuwa duka. In ɓaure Isra'ila ce, sauran itatuwan fa? Nan lissafin yake fara tangaɗi. Abin da yake a fili shi ne Ubangiji yana magana da mutanen karkara da harshen da suka sani. A ƙasarsu ruwa da sanyi tare suke zuwa, ɓaure yakan zubar da ganye a lokacin, in kuwa ya fara toho kowa ya san kwanakin ɗumi da girbi sun gabato. Mu a nan abin ya juya: in bazara ta tsananta, ka ga itatuwa sun fara fitar da sabon ganye alhali ko ɗigon ruwa bai sauka ba, iska ta juyo daga kudu, hadari yana haɗuwa a gabas yana watsewa, ka san damina tana bakin ƙofa. Amma wane dattijo ne, kome daɗewarsa a gona, ya taɓa duban ganye ya ce maka ran Talata za a yi ruwan shuka? Ganye yakan sa ka gyara fartanya, ka duba iri, ka toshe rufin ɗaki. Bai taɓa ba kowa kwanan wata ba. Kada kuma mu manta da gawo, wanda ya cika gonakinmu daga nan har ƙasar Magarya a hayin iyaka. Shi da damina yake kaɗe ganyensa, da rani ya yi kore shar. Baƙon da ya zo da littafinsa ya tsaya a gindin gawo yana karanta lokaci, zai shuka a hunturu ya yi barci da damina, yana kuma da hujjarsa a rubuce.

Sa'an nan ka koma farkon surar. Maganar ta taso ne daga duwatsun Haikali. Almajirai suna sha'awar ginin, Yesu ya ce za a rushe shi ƙurmus, su kuwa suka haɗa tambaya biyu a numfashi ɗaya: yaushe wannan zai faru, mece ce kuma alamar zuwansa da ƙarshen zamani. A ganinsu abu ɗaya ne. Ubangiji ya amsa duka biyun. Na farkon yana da alamu da za a gani da ido, har ya ce wa na Yahudiya su gudu kan tuddai, ya kuwa auku a shekara ta 70, sa'ad da rundunar Roma a ƙarƙashin Taitas ta ƙone Haikalin, kimanin shekara arba'in bayan maganar, mutanen tsarar nan da yawa suna da rai. Marubucin tarihin ikilisiya Yusibiyas ya ba da labari cewa masu bi na Urushalima sun fice zuwa wani gari mai suna Fella a hayin Urdun kafin halakar. Alamar ta yi musu amfani, ta ceci rayukansu. Game da na biyun kuwa, aya ta 36, wadda take aya uku kacal bayan misalin ɓaure, ta rufe ƙofa: an ɓoye sanin lokacin ga mala'iku, har Ɗan da kansa a kwanakin jikinsa ya bar shi a hannun Uba. Masu bi na kirki sun sha bamban a kan inda amsar farko ta ƙare ta biyu ta fara, ba kuwa zan raba wannan gardama a nan ba. Amma kowace hanya ka bi, ba za ka iya ɗauko aya ta 32 ka fasa aya ta 36 da ita ba.

Na san amsar da akan bayar. Akan ce rana da sa'a aka hana mu sani, ba a hana shekara ba. Wannan wayon yaro ne da aka ce kada ya taɓa tuwo, ya ce ai miya ya lasa. In kana son ka ga ƙarshen wannan wayo, duba Ayyukan Manzanni 1:6-8. A can almajirai suka yi ainihin tambayar masu lissafinmu, wato ko yanzu ne za a mayar wa Isra'ila da mulki. Amsar da suka samu ba ta tsaya ga rana da sa'a ba, ta haɗa da lokatai da zamanai, ta ce wannan hurumin Uba ne. Abin da aka miƙa musu a madadinsa shi ne ikon Ruhu Mai Tsarki da aikin shaida har iyakar duniya. Ita ce magana ta ƙarshe da ya yi da su kafin a ɗauke shi.

Wataƙila ka ce, to, mene ne laifi in lissafin ya sa mutane sun tuba? Ko da bai yi daidai ba, ai ya farkar da masu barci. Wannan ita ce hujjar da ta fi ƙarfi, ita ce kuma ta fi cutarwa. Tambayi tarihi. A Amurka wani manomi mai wa'azi, William Miller, ya yi lissafi daga littafin Daniyel, mabiyansa dubbai suka tsaya a kan 22 ga Oktoba, 1844. Akwai waɗanda suka bar amfanin gonarsu a tsaye ba su girbe ba. Gari ya waye, waɗansu suka koma ikilisiyoyinsu da kunya, waɗansu suka bar bangaskiya ɗungum. Harold Camping, mai gidan rediyon bishara, ya sa 21 ga Mayu, 2011, mutane suka zuba ajiyarsu ta tsufa a allunan talla. A 2012 shi da kansa ya yarda abin da ya yi zunubi ne, amma kuɗin mutane bai dawo ba. Kada ka ce wannan na Turawa ne. A watan Yuli na 2022 'yan sanda suka fito da mutum 77 daga ɗakin ƙarƙashin wata majami'a a garin Ondo, da yara a cikinsu waɗanda aka raba da makaranta. An ce musu a watan Afrilu za a fyauce su, da Afrilu ya wuce aka ce Satumba. A Shakahola ta ƙasar Kenya, a 2023, gawawwaki fiye da 400 aka tono na mutanen da aka ce su daina cin abinci domin su sadu da Yesu. Tuban da aka ɗaure a jikin kalanda, ranar da aka yage shafin tare suke faɗuwa, wani lokaci kuma da rai a ciki.

Ƙasar Hausa ma ta ɗanɗana wannan, ko da yake ta wata ƙofa. Maƙwabtanmu Musulmi suna sa ran bayyanar Mahadi da saukowar Annabi Isa a ƙarshen zamani. A ƙauyen Satiru, kusa da Sakkwato, wani malami ya ce shi ne Mahadi a 1904, bayan mutuwarsa kuma aka ɗaga ɗansa mai suna Isa a matsayin Annabi Isan da ake jira. Talakawa da bayin da suka gudo suka taru a kansa, kukansu a kan zaluncin sabon mulki kuwa na gaskiya ne. A watan Fabrairu na 1906 suka karya wata rundunar Turawa, a ranar 10 ga Maris aka dawo aka shafe garin, aka kashe kimanin mutum 2,000. Alhakin jinin yana wuyan waɗanda suka zubar da shi, amma wanda ya ce wa mutane lokaci ya yi, shi ya tsayar da su a gaban bindiga. Abin lura kuma, shekara ɗari kafin wannan, sa'ad da jama'a suka fara raɗe-raɗin cewa Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ne Mahadi, shi da alƙalaminsa ya musanta, alhali da ya yi shiru da ya ƙara mabiya. In malamin da ba ya cikin garkenmu ya iya ƙin rawanin da ba nasa ba, me zai hana mai wa'azinmu ya ce, wannan sani ba nawa ba ne?

A nan ne abin ya shafe mu kai tsaye. Mu 'yan kaɗan ne a ƙasar Daura, kowa ya san gidajenmu. Maƙwabcinka da kuke zama a tebur ɗin mai shayi ya yarda Isa zai dawo, ko da yake abin da yake nufi ya bambanta da naka ƙwarai: shi bai yarda an gicciye shi ba, yana jiran annabi da zai kashe Dujal, ya rayu, ya mutu, a binne shi, kai kuwa kana jiran Ubangiji da ya mutu ya tashi, mai zuwa da tabon ƙusoshi ya yi wa rayayyu da matattu shari'a. Wannan ƙofar zance ce da Allah ya bar mana a buɗe, wadda masu bi a ƙasashe da yawa ba su da irinta. Ranar da ka tura masa saƙon da ya ce ga shekara, shekarar kuma ta wuce, ka sayar da amincin bakinka da arha. Gobe in ka ce masa kabarin Yesu wofi ne, zai tuna da 2028. Akwai kuma ƙananan asarori da ba a bugawa a jarida: yarinyar da aka cire daga makaranta don wai lokaci ya ƙure, uban da ya ƙi a yi wa ɗansa rigakafi ko ya ƙi yin katin ɗan ƙasa don an ce masa alamar dabbar nan ce ta Wahayin Yahaya, saurayin da ya ga dasa mangwaro ɓata lokaci ne.

Wani aibin wannan wa'azi shi ne muryarsa. Nassin da aka fi jawowa a kan fyaucewa, 1 Tasalonikawa 4:13-18, wasiƙar ta'aziyya ce. Bulus ya rubuta ta daga Koranti wajen shekara ta 50 ko 51, zuwa ga sababbin masu bi da aka yi musu rasuwa, suna tsoron ko matattunsu sun yi asarar ranar Ubangiji. Ya ce musu matattun ne ma za su riga tashi, ya rufe da cewa su ƙarfafa wa juna zuciya da wannan magana. Mu kuwa mun mai da ita bulala. Yaro ya farka da rana ya ga gida shiru, uwarsa ta tafi rijiya, sai ya fashe da kuka yana tsammani an tafi an bar shi. Akwai tsoron Allah mai tsarki, shari'a kuwa gaskiya ce, ban ce a ɓoye ta ba. Amma amaryar da take rawar jiki don fargaba duk lokacin da aka ce ga ango nan, akwai abin da ba a faɗa mata daidai ba game da angon. Da ruɗani ya ƙaru a Tasalonika, har ana yawo da saƙonni da sunan Bulus cewa ranar ta riga ta zo, waɗansu kuma suka ajiye aiki suna ci daga hannun 'yan'uwa, wasiƙarsa ta biyu ba ta ba su sabon lissafi ba. Ta umarce su su natsu su koma bakin sana'arsu, ta kuma hana a ciyar da mai ƙin aiki.

Kada fa mu da ba ma lissafi mu yi murna da wuri. Laifinmu yana can ɗaya gefen. Saboda kunyar abin da masu ƙidaya suka yi, da yawa daga cikin mumbarorinmu sun yi shiru a kan dawowar Ubangiji, sai albarka da buɗi da cin nasara a kan maƙiya. Inda makiyayi ya bar wata fadama ba ya kai garke, can ɓarawo yake jira da dusa. Mutanenmu suna sauraron masu lissafi ne domin suna jin yunwar wannan bege, ga tsadar abinci, ga rashin tsaro a yammacin jiharmu, zuciya tana tambaya sai yaushe. Tambayar halal ce, tsarkaka ma sun yi ta.

Amsar da Yesu ya bayar tana nan a jere bayan aya ta 36, a cikin misalai. Ka lura da biyu daga cikinsu, yadda suke tsare hanya ta kowane gefe. Mugun bawa ya ce maigida zai daɗe, ya shiga dukan 'yan'uwansa da shaye-shaye, maigida kuwa ya zo da wuri. 'Yan mata biyar marasa azanci suka ɗauka ango ba zai daɗe ba, ba su riƙo man ajiya ba, ango kuwa ya yi jinkiri. Duk wanda ya taɓa zaman jiran motocin ɗaukar amarya ya san wannan dare: an ce bayan magariba, ga shi har an yi kiran lisha an watse, yara sun yi barci a kan tabarma. A misalin, duka goman sun yi gyangyaɗi, masu azanci da marasa azanci, ba a kuwa zarge su a kan barcin ba. Man da ke cikin kwalba ne ya raba su. Wato masu azanci su ne waɗanda suka yi shirin jinkiri. Nan ne mai lissafin shekara ya fi yin kuskure, ko da yake yana ganin ya fi kowa shiri: man da ya auna wa mabiyansa na zuwa 2028 ne kawai. Bawan kirki kuma, da maigida ya dawo, bai same shi a kan soro yana duban hanya ba. Ya same shi a madafa yana raba wa mutanen gida abincinsu a kan kari.

Yakubu ya kawo maganar har cikin gonarmu. A sura ta 5 ya ce wa 'yan'uwa su yi haƙuri kamar manomi mai dakon ruwan fari da na ƙarshe. Mu nan arewa, inda damina take gajeruwa, mun san wani abu da ya fi dako, wato binne. Mutum yakan ɗebi irin da ya hana 'ya'yansa ci a watannin wahala, ya zuba shi a busasshen rairayi, sama ba ko gajimare, ya rufe ya koma gida. Bai san ranar ruwa ba, ya dai san ruwa yana zuwa, ya kuma sa abin da yake da shi a kan wannan sani. Haka jiran mai bi yake. Amma karanta ayoyin da suka riga wannan, gama ba a cika karanta su a taron farkawa ba. Suna magana a kan masu gona da suka danne hakkin waɗanda suka yi musu girbi, suka ce kukan 'yan ƙodagon ya kai kunnen Ubangiji Mai Runduna. Ayar da ta biyo baya kuma ta hana gunaguni a kan juna, domin alƙali yana tsaye a bakin ƙofa. Ashe a wurin Yakubu, shirin zuwan Ubangiji ya haɗa da kuɗin yaron da ya yi maka noma ka ce ya dawo ran kasuwa, da tiyar da kake saye da ita da wadda kake sayarwa da ita, da hatsin da ka kulle a rumbu kana jiran ya yi tsada alhali gwauruwar da ke zumuntar mata tana kwana da yunwa, da ɗan'uwan da kuka shekara uku ba ku gaisa ba saboda iyakar gona. Wannan shiri ya fi ƙidayar shekaru wuya nesa ba kusa ba, ina kuma zaton shi ya sa ƙidayar ta fi kasuwa.

Muna da namu magabatan a wannan jira, ko da yake yadda muke ba da labarinsu yana bukatar gyara. A Kano, a zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi, an yi wani malami mai suna Ibrahim wanda nazarin abin da Alƙur'ani ya faɗa game da Isa ya kai shi ga ɗaukaka shi da jiran dawowarsa. Ya tara almajirai, aka kira su Isawa. Ya ƙi janye koyarwarsa, aka kashe shi a kasuwar Kano wajen 1867, mabiyansa suka watsu zuwa ƙasar Ningi da iyakar Zazzau. Zuriyarsu suna ba da labari cewa ya bar musu wasiyya, Allah zai aiko da masu cika musu sanin Isa. Suka riƙe wannan kusan shekara hamsin, tsara ta mutu ta bar wa tsara, har a 1913 waɗansu samarinsu suka iso Zariya wurin Likita Walter Miller na mishan ɗin Anglika. Kada ka haɗa shi da Miller mai lissafin 1844. Wannan shi ne wanda ya yi aiki mai yawa a fassarar Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932.

A nan muka saba tsayar da labarin, mu yi tafi, wani lokaci ma mu ɗaga shi kamar tutar cin nasara a kan maƙwabta. Amma Isawa ba su fara a matsayin Kirista ba, waɗansunsu ma ba su taɓa shiga ikilisiya ba, labarin kuma bai ƙare da baftisma ba. Waɗanda suka karɓi bishara aka tara su a wani sabon ƙauye mai suna Gimi, suka yi gonaki da makaranta da ɗakin sujada, suna ganin alkawari ya cika. Cikin 'yan shekaru ciwon barci, wanda ƙudan tsando yake kawowa, ya shiga ƙauyen ya kashe da yawa daga cikinsu, har dole aka tashi daga wurin. Mutanen da kakanninsu suka jira Isa, suka same shi a cikin bishara, sai ga su suna haƙa kaburburan 'ya'yansu, suna kuma ci gaba da jiransa kamar yadda ni da kai muke yi. Ragowarsu suna cikin jama'ar da ta koma Wusasa sa'ad da mishan ya tashi daga birnin Zariya a 1929. A can aka gina majami'ar Bartalamawas da tubalin ƙasa, da katanga mai kauri irin ta magina Hausawa, ga makaranta, ga asibiti. Daga wannan zuriya Farfesa Ishaya Audu ya fito, likitan yara, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, daga 1966 zuwa 1975, wanda daga baya ya ƙare kwanakinsa yana fasto yana kuma duba marasa lafiya a Samaru. Majami'ar ta Wusasa tana nan tsaye. A 2029 za ta cika shekara ɗari.